Kiwon Diskas a Dar es Salam: Gwanintar Riƙon Ruwa

Mai kiwon kifin diskas a Jamus kuɗi yake zubawa wata-wata a kan abu biyu. Yana biyan wutar lantarki don ruwan akwatin gilashinsa ya tsaya a digiri 29, idan kuma yana son kifin ya hayayyafa sai ya sayi injin da zai tace masa ruwan famfo ya rage masa nauyin ma'adinai. Waɗannan abubuwa biyu, ɗumi da ruwa mara nauyi, mutumin Yamai kusan kyauta yake samun su. Abin da ba shi da shi shi ne tabbas: zafin yau ba na gobe ba ne, wuta tana zuwa tana tafiya, famfon da ya zuba da asuba kafin hantsi ya ɗauke. Diskas kuwa babu abin da ya ƙi jini kamar canji. Saboda haka duk wanda ya iya riƙe shi lafiya tun daga hunturu har ya ƙetare bazara, a unguwar kan tudu irin Dar es Salam ta Yamai, ni a wurina gwani ne na gaske, kuma aikinsa ya cancanci a baje shi a faifai.

Kifin kansa zagayayye ne, shafal kamar faifai, yana tafe a tsaye cikin ruwa. Babba yakan kai santimita 15 zuwa 20. Ɗan'uwan karfasa ne na jini, dangi ɗaya masana suka sa su, sai dai shi gidansa yana ƙetaren teku, a kogin Amazon da rassansa, galibi cikin ƙasar Birazil. Masanin kifaye Johann Jakob Heckel na birnin Biyana ne ya fara rubuta bayaninsa a 1840, daga samfurin da ɗan ƙasarsu Johann Natterer ya kwaso daga Birazil, kuma har yau akwai nau'in da ake kira da sunan Heckel. A 1904 Bafaranshe Jacques Pellegrin ya bayyana nau'i na biyu. Na daji yana da zane tara a tsaye daga ido zuwa wutsiya, a jikin na Heckel kuma na biyar, wato na tsakiya, ya fi sauran kauri da duhu.

Sanin inda ya fito shi ne rabin aikin. A wajajen birnin Manaus ruwan kogi yana hawa da sauka kamar mita 10 kowace shekara. Idan ya cika sai ya mamaye daji, kifin ya bazu cikin itatuwa yana kiwo. Idan ya janye sai diskas su taru garke-garke cikin rassan bishiyoyin da suka faɗa ruwa, inda babu igiya mai ƙarfi, babu hasken rana mai tsanani. Ruwan kogin Riyo Negro, ɗaya daga rassan Amazon, baƙi ne saboda ruɓaɓɓen ganye, yana da tsami, ma'adinan cikinsa kuma kaɗan ne ƙwarai. Ƙwayoyin cuta ba sa yawa a irin wannan ruwa. Kifin da aka halitta a can bai saba da dauɗa ba, bai saba da kaɗaici ba, bai saba da hayaniya ba. Duk wata doka ta kiwonsa daga nan ta samo asali.

Waɗanda ake sayarwa yau yawancinsu ba su taɓa ganin Amazon ba. Likitan nan na Jamus, Eduard Schmidt-Focke, da Jack Wattley na Fulorida a Amurka, sun shafe shekaru suna zaɓen iri har suka fitar da masu shuɗin jiki mai sheƙi. Gidan kiwon Stendker na garin Warendorf ya yi suna wajen renon su a ruwan famfo, abin da ya sauƙaƙa wa masu farawa. A 1991 Kitti Phanaitthi na ƙasar Tailan ya fito da nau'in Pigeon Blood mai launin ja da ruwan ƙwai, daga nan gonakin Malesiya da Tailan suka cika kasuwar duniya da launuka iri-iri. Mai farawa a Yamai na gona ya kamata ya nema. Na daji kyakkyawa ne, amma ba ya yafe kuskure.

To, mu zo kan ruwa, domin a nan gwani ya bambanta da mai sha'awa kawai. Ruwan famfon Yamai daga kogin Isa ake jan sa, a tace shi a Gudel kafin ya shiga gari. Kogin ya taso ne daga tsaunukan Gini, ya ratso ƙasar da duwatsunta ba sa narkewa da sauƙi, shi ya sa ruwansa ba shi da nauyi. Matan gida sun san haka ba tare da ma'auni ba, don sabulu nan da nan yake kumfa. Wannan falala ce babba ga diskas, musamman lokacin ƙwai, saboda a ruwa mai zartsi ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa yadda ya kamata. Amma falalar tana tafe da sharaɗi. Ruwa mara nauyi ba ya riƙe daidaito, idan aka bar shi da kashin kifi kwana da kwanaki sai ya yi tsami farat ɗaya. Gwani yana auna tsamin ruwansa kowane mako, yana so ya ga ma'aunin pH tsakanin 6 da 7 da ɗoriya kaɗan, kuma ba lambar ce ta fi damunsa ba, tsayuwarta wuri ɗaya ce. Yana kuma lura da kogin kansa. A Agusta da Satumba ruwan damina daga rassansa, Sirba da Dargol da Goruwal, yakan rina kogin ja, sannan cikar da ta taso daga Gini ta iso wajen Disamba da Janairu da ruwa mai ɗan haske. Mai hankali ya san abin da ke fita daga famfo ba lallai ya zama iri ɗaya ba a waɗannan lokuta, don haka yakan ƙara aunawa. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa sai an gwada, domin a cikin birni da yawansu suna ɗauke da nitirat mai yawa daga masai da shara. Idan ɗan ga-ruwa ne ya kawo, ana tambayarsa inda ya ɗebo.

Ba a zuba wa diskas ruwa kai tsaye daga famfo. Maganin kulorin da ake sakawa don lafiyar mutane yana ƙona wa kifi wurin numfashi. Gwani yana da duro na roba mai tsabta, wanda bai taɓa ɗaukar mai ko sabulu ba, a cikin ɗaki ɗaya da akwatin kifin. Yana cika shi, ya jefa dutsen iska a ciki, ya bar shi kwana guda. Kulorin ya fice, zafin ruwan ya zo daidai da na akwati, ga kuma ajiya ranar da famfo ya ɗauke. Ruwan tankin saman gida da rana tsaka a watan Afrilu yana iya kashe kifi cikin ɗan lokaci, don da ƙyar hannu ma yake jure shi. Wannan duro, da ba ya cin kuɗi sosai, ya fi duk wata na'ura mai tsada amfani a gidan mai diskas.

Akwatin da kansa babba ake nema. Kowane babban kifi yana buƙatar lita 40 zuwa 50, kuma ba a ajiye ƙasa da biyar ko shida, domin idan biyu ko uku ne ƙaƙƙarfan zai tasa raunannen a gaba har ya hana shi ci. Akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50 yana cin lita 300, nauyinsa da ruwa ya haura kilo 300, don haka sai maƙeri ya yi masa teburin ƙarfe da ba ya rawa. A ajiye shi nesa da taga, nesa da ƙofar da yara ke bugawa, a ɗan ɗaga shi sama, saboda kifin yana firgita da inuwar da ke giftawa ta kansa.

Sai kuma haƙurin farko, wanda a nan mutane da yawa suke faɗuwa. Kashin kifi da numfashinsa suna sakin amoniya, ita kuwa guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama cikin soson matata, wasu su mai da amoniya nitirit, wasu su mai da nitirit nitirat, wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba, kuma canjin ruwa ke fitar da shi. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawan da za su ɗauki nauyin kifi shida, sai an yi mako huɗu zuwa shida akwatin yana aiki babu diskas ko ɗaya, ana ɗan jefa abinci yana ruɓewa. Maƙwabta za su leƙo su ga ruwa zalla yana kumfa, su tambayi ina kifin. Gwani ba ya gaggawa. Ya san soson nan shi ne ran akwatin, shi ya sa ba ya taɓa wanke shi da ruwan famfo, sai dai ya matse shi a hankali cikin bokitin ruwan da ya zuƙo daga akwati.

Masu kiwon tarwaɗa a tankuna, waɗanda suka yawaita a Yamai, suna da rabin wannan ilimi, sun san warin ruwan da ya gaji. Amma tarwaɗa tana shaƙar iska daga sama, tana rayuwa ko a cikin laka. Diskas ba shi da wannan gata. Ana zuƙe masa kashi da ragowar abinci da tiyo daga ƙasan akwati kullum, a canza kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan a mako ga manya, ƙanana masu tasowa kuma kusan kowace rana. A gonakin Malesiya akwai masu canza kusan dukkan ruwan kullum. Kada wannan ya sa a ga kamar ɓarna ce a garin da ruwa ke da daraja: ruwan da aka zuƙo taki ne, zogale da lemun tsami na tsakar gida suna murna da shi.

Bazara ita ce jarrabawar gaske. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Diskas yana son 28 zuwa 30, yana iya jure 32 na ɗan lokaci, abin da ya wuce haka kuwa haɗari ne. Ba zafin kaɗai ke kisa ba. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa: lita ɗaya a digiri 20 tana ɗaukar kusan miligiram 9, a digiri 30 kuma bai fi 7 da rabi ba, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi buƙatarta. Idan wuta ta ɗauke da tsakar rana, injin iska ya tsaya, sai ka ga kifayen sun taso sama suna haki. Mutanen Yamai ba su manta da 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse layin wutar da ke shigowa Nijar aka shiga watanni na ƙarancin lantarki. Mai diskas da ya san garinsa ba ya dogara da waya ɗaya. Yana da ƙaramin injin iska mai batir, ko faifan sola da batirinsa, domin injin iska wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba. Dalili ke nan ma da matatar soso mai aiki da iska ta fi dacewa da mu a kan rufaffiyar matata ta waje. Rufaffiyar idan ta tsaya awanni, bakteriyar cikinta ta shaƙe ta mutu, wuta na dawowa sai ta watso ruɓaɓɓen ruwa cikin akwati.

Dabarar sanyaya ruwan ita ce ta fi burge ni, don busasshiyar iskar Sahel da muke kuka da ita ce ke yin aikin. A buɗe murfin akwati, a sa raga don kada kifi ya yi tsalle, a saita ƙaramar fanka tana hura saman ruwa. Tururin da ke tashi yana tafiya da zafi, ruwan ya sauka da digiri biyu ko uku, wani lokaci fiye. Ilimin da ke sa ruwan randa sanyi ke nan, wanda Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina tukunyarsa mai tukunya a ciki a kansa har ya sami kyautar Rolex a 2000. Sai dai ruwan da ya tafi da tururi ya bar dattinsa a baya, don haka ciko ba ya maye gurbin canji. Ƙanƙara kuma ba a jefa ta tsirara, sai cikin gora a rufe, ita ma a ranar tsanani kawai, domin faɗuwar zafi da sauri ta fi zafin kansa illa. Da hunturu lamarin juyawa yake yi. Daren Disamba da Janairu yana sauka ƙasa da digiri 20, a nan dole a sa na'urar ɗumama ruwa, a rufe akwatin saboda ƙura.

Batun abinci gajere ne. A daji yana cin tsutsotsin ruwa, gansakuka da ɓurɓushin tsirrai. A gida masu kiwo sun daɗe suna haɗa masa zuciyar sa, a cire kitse da jijiya tas, a niƙa da jatan lande da alayyafo, a daskarar. Mahautanmu ba sa rasa zuciya sabuwa, amma haɗin yana ɓata ruwa da wuri, kuma idan firji ya narke ya sake daskarewa ya zama cuta. Ra'ayina shi ne a bazara a tsaya kan busasshen abinci na gwangwani mai nutsewa a hankali. Manya sau biyu ko uku a rana, ƙanana sau biyar, abin da za su cinye cikin ƴan mintuna.

Abin da littafi ba ya koyarwa shi ne ido. Gwani yakan zauna gaban akwati kafin ya ba da abincin safe, yana kallo kawai. Kifi mai lafiya yana tahowa gaban gilashi da fiffike a buɗe, ido garau, goshi cike. Wanda ya yi duhu, zanen jikinsa suka fito baƙi ƙirin, ya koma lungu ya juya baya, yana faɗin cewa wani abu ya ɓaci. Idan yana numfashi da gefe ɗaya, ko yana goga jiki da tiyo, ƙananan tsutsotsi ne suka kama masa wurin numfashi. Idan kashinsa ya zama fari, siriri, yana jan sa a baya, ciwon hanji ne da ake magancewa da metronidazol, wato Flagyl ɗin da kowa ya sani a farmasi, bisa awo da shawarar likitan dabbobi. Idon da ya yi wa jiki girma kuwa shaida ce cewa kifin ya tsumbure tun yana ƙarami, ba zai ƙara girman kirki ba, kada a saye shi komai arha. Amma kafin gwani ya taɓa magani, ruwa yake fara aunawa ya canza, domin mafi yawan ciwon diskas daga ruwa yake. Sabon kifi kuma, wanda ya sha doguwar tafiya cikin leda a jirgin sama kafin ya sauka filin jirgin Diori Hamani, akwatinsa daban, bokitinsa daban, sai ya yi wata guda a keɓe kafin ya haɗu da na gida.

Ladan wannan wahala yana zuwa ne bayan shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. Cikin garken sai biyu su ware, su kama kusurwa, su riƙa korar saura, suna karkaɗa jiki suna share wuri ɗaya da baki. Masu kiwo suna sa musu dogon mazubi na gasasshen yumɓu mara fenti, mai faɗin gindi da tsinin kai, abin da maginan tukwane na Bubon, can bakin kogi, za su iya ginawa ba wuya. Macen tana jera ƙwai layi-layi daga ƙasa zuwa sama, ɗari zuwa ɗari uku, namijin yana biye yana barbara. Su biyun suna yi wa ƙwan fifita da fiffike, suna tsince wanda ya yi fari. Cikin kwana biyu da rabi zuwa uku ƙwan ya fashe, iyayen su kwashe ƴaƴan da baki su manna su wani wuri, bayan wasu kwana uku kuma su fara iyo.

A nan ne ake ganin abin da ya sa mutane suka haukace a kan wannan kifi. Karfasarmu uwa ce ke ɓoye ƙwai da ƴaƴa a bakinta. Diskas shi da jikinsa yake ciyarwa. Uwa da uba duka sukan yi duhu, fatarsu ta fitar da wani yauƙi mai kauri, ƴaƴan su lulluɓe gefen jikinsu suna tsattsaga. Idan ɗaya ya gaji sai ya matso kusa da ɗan'uwansa, ya girgiza jiki sau ɗaya ya wuce, garken ƴaƴan gaba ɗaya ya koma kan ɗayan. Wani bincike da masana na jami'ar Plymouth ta Ingila suka yi tare da Adalberto Val na cibiyar binciken Amazon da ke Manaus, aka buga a 2010, ya nuna cewa yauƙin yana ɗauke da furotin da sinadaran kariya daga cuta, kuma daga mako na uku iyayen sukan fara gudun ƴaƴan, wato yaye. A lokacin mai kiwo ya riga ya fara ba su ƙananan halittun artemiya da yake ƙyanƙyashewa a ruwan gishiri. Nau'o'in masu hasken jiki irin Pigeon Blood ba sa yin duhu sosai, ƴaƴan kan ɓata ba su gane iyaye ba, sai gwani ya rage ruwan akwati, ya rage haske, ya cire duk wani baƙin abu har da soso, don kada su bi shi. Akwai masu raba ƴaƴan da iyaye su rene su da gwaiduwar ƙwai don su sami yawa. Dabara ce ta kasuwa, tana kuma aiki, amma ni ban ga abin da mai kiwon gida zai ci da ita ba, tunda ya hana kansa ganin abin da ya yi wa hidima shekara guda. Sabbin iyaye sukan cinye ƙwansu karo na farko da na biyu. Ba a raba su saboda haka, koyo suke yi.

Abu biyu nake roƙon duk mai niyya. Kada a taɓa sakin kifin ado ko tsiron akwati a kogi ko magudana. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ta toshe wa masunta hanya a kogin Isa, wadda Faransawa ke kira jasint, ita ma daga yankin Amazon ta fito, kuma kyawunta ne ya sa mutane suka yaɗa ta duniya. Na biyu, diskas yana iya shekara goma a hannun mai kula. Dukanmu mun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Wanda ya san tafiye-tafiyensa sun yi yawa, ko babu wanda zai riƙe masa tiyo da bokiti idan ba ya nan, ya nemi kifi mai sauƙin hali tukuna.

Wanda kuma ya ga zai iya, ya fara da duro, injin iska mai batir da ma'aunin ruwa kafin ya tambayi farashin kifi. Ya cika akwatinsa a ƙarshen Satumba, ya bar shi ya nuna har tsakiyar Nuwamba, sannan ya kawo matasa shida masu girman santimita 8 zuwa 10 daga gona ɗaya. Ta haka za su sami wata huɗu suna sabawa da ruwan gidansa kafin zafin Afrilu ya iso.